Kuɗin buɗa-bakinmu da tukwanen Sudan

Nas ta Asawase:
Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena. Ku yi mini afuwa, na san an buɗe zauren nan na waya na 'yan zangon Kumasi ne don sanarwar suna da biki da rasuwa, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun daren Talata. Na ga hoton wani yaro a Tawila, can Darfur, an naɗa masa irin ma'aunin da muke auna damtsen yara da shi a asibiti, ya shige cikin ja. Aikina ne, na san ma'anar jan nan: damtsen bai kai santimita 11.5 ba. Mu nan in aka kawo mana yaro ɗaya haka, duk ɗakin tashi yake tsaye. Su can layi ake yi da su.

Azumi ya ƙarato, kuma kowace shekara muna tara kuɗin buɗa-baki na masallatan unguwa. Roƙona shi ne bana mu ware wani abu daga ciki mu aika wa 'yan sa-kai na Sudan, matasa da matan unguwanni da ke ɗora tukunya suna raba abinci kyauta. Su nake nufi, waɗanda suke cikin yunwar kuma suke riƙe da ludayin.

Alhaji mai goro:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka, zuciyarki mai kyau ce. Amma gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Ki zo unguwar Alabar da asuba ki ga 'yan matan da ke dako suna kwana a bakin shaguna. Ki ga zawarawa da marayun da ke zuwa ƙofata ranar Juma'a. Bara kuɗin buɗa-bakin nan bai kai mu goman ƙarshe ba, sai da na cika daga aljihuna. In an yanki wani abu an kai Sudan, daga bakin wa za a cire?

Sannan ni an taɓa cuta ta. Shekarun baya wani ya zo da takarda mai hatimi da hotuna, ya ce rijiya za a haƙa a wani ƙauye a arewa. Na bayar, na kuma sa abokan cinikina suka bayar saboda sun yarda da ni. Har yau ba rijiya, ba mutumin. Kunyar da na ji ta fi mini asarar kuɗin ciwo. Wannan a cikin Ghana ke nan, inda zan iya hawa lori in je in gani da idona. To ina ga ƙasar da ake yaƙi?

Ɗalibi a Tek:
Baba Alhaji, da izininka in ɗan yi bayani, don tun farko nake bin labarin nan. Yaƙin ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, tsakanin sojojin ƙasa ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun ko-ta-kwana na RSF na Mohamed Hamdan Dagalo da ake kira Hemedti. Cikin makonnin farko ofisoshin jakadanci suka kwashe mutanensu, manyan ƙungiyoyin agaji suka tattara suka koma Port Sudan a bakin Bahar Maliya. Aka bar 'yan unguwa da junansu.

Da ma suna da kwamitocin unguwanni tun zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Omar al-Bashir a 2019, sai suka mai da su abin da suke kira ɗakunan ɗaukin gaggawa. Su ne ke fitar da masu rauni, su gyara famfo, su nemo magani, su binne gawa, su ɗora girki. Wurin girkin suna ce masa takiyya, sunan da suka gada daga zawiyoyin shehunan ɗariƙa inda ake ciyar da baƙo da matafiyi. Shi kuma haɗa hannun suna ce masa nafir. In ka fassara shi da Hausa gayya ce kawai. A 2025 an ba su lambar yabo ta Rafto a Norway da ta Right Livelihood a Sweden, an kuma sha gabatar da sunansu a neman lambar Nobel. Ba mutum ɗaya ba ne mai jaka da hatimi, Baba.

Alhaji mai goro:
Ɗana, lambar yabo ta Turawa ce. Ni tambayata ita ce sidi ɗarin da zan bayar, hannun wa za ta faɗa.

Ɗalibi a Tek:
Gaskiyarka Baba, wannan tambayar ban amsa ta ba. Akwai masu harkar kuɗi a zauren, su za su fi ni sani.

Nas ta Asawase:
Kafin a zo kan hanya, ina so a gane girman abin, don kalmar yunwa a bakinmu tana da sauƙi. Masu tantancewa ba sa cewa bala'in yunwa ya auku sai abu uku sun haɗu a wuri: gida ɗaya cikin biyar ba shi da abin ci sam, kusan yaro ɗaya cikin uku ya rame irin ramar da ke kisa, sannan kullum mutum biyu cikin kowane 10,000 suna mutuwa. A Agustan 2024 aka tabbatar da haka a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam kusa da birnin El Fasher a Darfur. Zuwa Disamba aka ƙara da sansanonin Abu Shouk da Al Salam da yammacin tsaunukan Nuba, aka ce mutum sama da miliyan 24 na cikin matsananciyar yunwa a ƙasar. A Nuwamban 2025 aka tabbatar da shi a cikin El Fasher kanta da Kadugli. Lokacin da aka yi wa El Fasher ƙawanya mutane sun koma cin abin da suke kira ambaz, wato tunkuzar gyaɗa da aka matse mai aka bar wa dabbobi. Ita ma daga baya ta yi tsada.

Hajiya mai waakye:
Ku bar ni in sa baki, ni ba 'yar boko ba ce, jikata ke rubuta mini. Alhaji, kai da ni mun ga 1983, yaran nan labari suke ji. Ruwa ya ƙi sauka, gobarar daji ta cinye gonaki har da na koko, ga 'yan'uwanmu wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya sun dawo da jakunkuna ba abin ci. Ka tuna yadda ƙashin wuyan mutane ya fito har aka sa masa suna sarƙar Rawlings, shugaban ƙasa na lokacin. Ka tuna ana layi a gidan mai dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, a sayi ɗanye tun bai hau wuta ba, don in ka jira ya dahu wani ya riga ka.

Ni lokacin shekarata goma sha biyu a Aboabo. Gidanmu ɗaki goma sha ɗaya ne, iyali tara. Babata, Allah ya jiƙanta, ta tara matan gidan a tsakar gida ta ce daga yau murhu ɗaya za a hura. Mai garin rogo gwangwani ɗaya ta kawo, mai kuka ta kawo, mai ɗan gishiri ta kawo, wadda ba ta da komai ta tafi neman itace. A dafa, a fara zuba wa yara da masu shayarwa, sannan tsofaffi. Manya wani lokaci ƙanzo suke jiƙawa su sha. Ba wanda ya san wace ce ta kawo da yawa, wace ce ta zo hannu rabbana, don babata ba ta bari a gani. Jar masarar agaji ta zo, ban musa ba, mun ci mun gode. Amma kafin ta iso Kumasi, kafin ta sauko daga hannun masu rabo ta kai ƙofarmu, tukunyar babata ce ta riƙe mu. A gidanmu ba mu binne yaro ba a shekarar. A gidan da ke bayanmu an binne biyu.

Shi ya sa da yarinyar nan ta ce mata ne ke dafawa a unguwa, ban buƙaci dogon bayani ba. Na san aikin. Na san wadda ke rabon ta san gidan da mai shi ba zai taɓa fitowa layi ba don kunya, sai a ba yaro kwano ya kai masa da dare. Baƙo daga nesa da littafinsa ba zai san wannan gidan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Alhaji mai goro:
Hajiya, kin tuna mini abin da ba na son tunawa. Ƙanena a shekarar ya tafi. Allah ya jiƙan namu baki ɗaya.

Mai kula da zaure:
Amin ya Allah. Allah ya gafarta musu.

Tsohon ma'aikacin agaji:
Amin. Hajiya, maganarki ta taɓa ni, amma zan faɗi abin da na sani ko da ba zai yi daɗi ba. Na yi shekara tara ina aikin rabon abinci a arewacin ƙasar nan. Tukunyar unguwa tana hana mai lafiya faɗuwa. Yaron da Nas ta gani ya riga ya faɗi, faten wake ba zai tashe shi ba, cikinsa ma ba zai riƙe ba. Yana buƙatar madarar asibiti ta musamman da wannan haɗin gyaɗa na cikin leda, da mai duba shi kullum. Wannan sai manyan ƙungiyoyi, su ke da kayan, su ke da manyan motoci, su ke iya zama da masu bindiga a buɗe hanya, kamar yadda aka sake buɗe mashigar Adre daga Chadi a Agustan 2024. Kuma suna da masu binciken kuɗi. Mutum miliyan ashirin da wani abu ba a ciyar da su da ludayi. Ni shawarata a ba wa ƙungiyar da ke da rajista, a karɓi rasit, kowa ya kwana da kwanciyar hankali.

Nas ta Asawase:
Yaya, kan maganin ban ja da kai ba ko kaɗan. Amma motar tana shiga ne inda aka bar ta ta shiga. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da kansu sun dakatar da aiki a Zamzam a Fabrairun 2025 saboda faɗa ya yi tsanani. Rumbun Hukumar Abinci ta Duniya da ke Wad Madani an wawushe shi bayan RSF ta kama garin a Disamban 2023. Inda mota ta tsaya, wa ya rage? Kuma yaran da suke cikin ruwan ɗorawa a ma'aunin, in ba su sami kwano ɗaya a rana ba, makon gobe su ma suna cikin ja, ledar gyaɗar ba za ta ishe su duka ba.

Tsohon ma'aikacin agaji:
Wannan haka yake ƙanwata. Kuma in faɗi gaskiya a kan gidanmu: a taron Istanbul na 2016 manyan masu ba da agaji sun yi alkawarin kashi 25 cikin 100 na kuɗin zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida kai tsaye gwargwadon iko. Ba a cika ba, ko kusa. Na ga yadda kuɗi ke raguwa daga ofis zuwa ofis kafin ya zama buhu. Duk da haka ina nan kan cewa kada a zuba duka a wuri ɗaya.

Matashin Sawaba:
Ni fa ku yi haƙuri, ban gane ba. Waɗannan Larabawa ne, ga ƙasashen Larabawa masu arzikin mai kewaye da su. Har ana zargin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ba RSF makamai, ko da yake tana musantawa. Masu hura wutar su kashe ta mana. Mu da muke fama da kuɗin haya da kuɗin makaranta ne za mu ciyar da su? Kuma wa ya san ko abincin cikin masu bindiga yake tafiya?

Direban Tamale:
Ƙanena, tsaya. Yanzu na tsaya a Kintampo na karanta abin da ka rubuta, ban iya ci gaba da tuƙi ba sai na amsa maka. Kakana da wansa sun bar Salaga a ƙafa za su Makka. A wancan zamanin hanya ɗaya ce: Kano, Barno, Wadai, Darfur, ka ratsa Sudan har bakin teku. Ana yin shekaru a hanya, ana tsayawa a yi noma a tara guzuri. Kakana ya dawo bayan shekara goma sha ɗaya. Wansa bai dawo ba, ya yi aure a can, ya yi aiki a gonakin auduga na Jazira, a can aka binne shi. Har kakana ya rasu yana ambaton sa a addu'a.

Ka taɓa jin garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, a jihar Sennar? Sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne, wanda ya ja sauran jama'a zuwa gabas bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Har yau ana jin Hausa da Fillanci a wurin. Akwai Hausawa a Gadarif, a Kassala, a Damazin. A 2022 ma, kafin wannan yaƙin, an yi rikici a jihar Blue Nile aka kashe Hausawa da yawa, har suka fito zanga-zanga a garuruwa. Mutanen Darfur da aka kora daga Zamzam kuma yawancinsu Zagawa ne da Fur, baƙaƙe kamar ni da kai. Kuma ko da Larabawan ne zalla, yaron da ke jin yunwa ba shi ya sayi bindiga ba. Duk alhajin zango da ya je Makka a ƙafa, tuwon mutanen nan ya ci a hanya.

Matashin Sawaba:
Kawu, wallahi ban san wannan ba. Na janye maganar Larabawa, a yafe mini. Amma ta masu bindiga tana nan.

Ɗalibi a Tek:
Tambaya ce mai kyau, kuma ba wanda zai rantse maka cewa ɗan bindiga bai taɓa ƙwace tukunya ba. An yi. Abin da aka sani shi ne ɓangarorin biyu duk suna kama 'yan sa-kan nan. Sojoji su ce kuna ciyar da yankin RSF, ku nasu ne. RSF su ce ku 'yan leƙen asirin soja ne. An tsare wasu, an azabtar da wasu, an kashe da dama. Wanda kowane ɓangare ke zargi, da wuya ya zama yaron ɗaya daga cikinsu.

Mai MoMo (aika kuɗi ta waya) a Kejetia:
Salam. Bari in amsa wa Alhaji tambayarsa, don wannan sana'ata ce. Daga wayarka ta nan ba za ka iya tura sidi kai tsaye zuwa Sudan ba, kada kowa ya ruɗe ku da wata lamba. Su can abin da ya riƙe su shi ne manhajar Bankak ta Bankin Khartoum. Ɗan Sudan da ke zaune a Saudiyya ko Masar ko Ingila ya karɓi kuɗi a inda yake, ya tura fam ɗin Sudan ta Bankak zuwa wayar mai kula da girkin, shi kuma ya biya ɗan kasuwa ya ɗauko wake, shinkafa, mai da gawayi. Shi ya sa da aka katse layukan waya a Fabrairun 2024 tukwane da yawa suka sauka, ba don kasuwa ta ƙare ba sai don kuɗi ya kasa isowa. Daga baya suka koma neman intanet ta tauraron ɗan adam na Starlink ana biyan kuɗin awa. A wasu wuraren kuma in kana son tsabar kuɗi a hannu sai mai canji ya yanki nasa kaso, kuma kason ba kaɗan ba ne.

Hanya biyu na gani. Ko mu bi ta asusun haɗaka da aka kafa a waje don tallafa wa ɗakunan, irin su Mutual Aid Sudan Coalition, a biya da katin banki a sami shaida a rubuce. Ko mu nemi mutum sananne da zai haɗa mu da takiyya guda ɗaya takamaimai. Ta farko ta fi tsabta a takarda, ta biyu ta fi kusa da abin da Alhaji ke so, wato ya san hannun da ta faɗa. Kowacce aka zaɓa, a bi ta banki ko kamfanin aike mai lasisi, kada a ba wani a jaka. Kuma a fara da kaɗan a ga ta isa.

Direban Tamale:
Ina da ɗan'uwa a Jidda, maƙwabtansa Hausawan Sudan ne, iyayensu suna can. Zan kira shi in na isa.

Malamin Islamiyya:
Assalamu alaikum. Na karanta duka tun daga sama. Alhaji, maganarka tana da asali a shari'a. Da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aiki Mu'azu Yaman, ya umarce shi a karɓi zakka daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Shi ya sa a mazhabarmu ta Malikiyya ake raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da nan. Amma malamanmu sun yi togiya: in akwai wasu can nesa da suka fi tsananin buƙata, ana kai musu, har ma mafi yawanta. A shekarar Ramada, lokacin da yunwa ta afka wa Madina zamanin Sayyidina Umar, ya rubuta wa gwamnoninsa, aka yi ta turo abinci daga Masar da Sham. Ba wanda ya ce Masar ma tana da matalauta.

Abin da Hajiya ta ba da labari kuma, Annabi ya yabi mutanen ƙabilar Ash'ari a kansa. In guzurinsu ya ƙare ko abincin iyalansu ya yi kaɗan, sai su tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu ɗaya, ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Yana cikin Buhari da Muslim.

Sai dai abu ɗaya, 'yata Nas. Kuɗin buɗa-baki mutane sun bayar ne da niyyar masallatan unguwa. Amana ce. Ba ya halatta a karkatar da shi ba da izinin masu shi ba, ko da zuwa alheri ne. A buɗe asusu dabam, a faɗa wa kowa inda za shi.

Nas ta Asawase:
Na karɓa Malam, na gode da gyara. A bar na buɗa-baki yadda yake.

Alhaji mai goro:
To yanzu an zo inda zan iya zama a yi magana. Sharaɗina ɗaya: in an aika, a turo mana bidiyo. Mu ga masu girkin, mu ga masu karɓa, su ambaci sunan zangon Kumasi. In na gani zan bayar, in kuma sa wasu su bayar.

Nas ta Asawase:
Baba, a nan ne zan roƙe ka. Bidiyon da ke nuna fuskar yarinya tana cewa an turo mata kuɗi daga ƙasar waje, in ya fita daga zauren nan, kuma zai fita, zai iya zama sanadin kama ta. A shingen hanya wayoyi ake bincikawa. Mu don hankalinmu ya kwanta, ita kuma da ranta za ta biya. Sannan mai karɓar abincin jiya malamin makaranta ne ko ɗan kasuwa kamarka. Ba zan so a ɗauki hoton babana riƙe da kwano a layi ba.

Alhaji mai goro:
To 'yata, in ba hoto ba bidiyo, da me zan bambanta su da mai rijiya? Shi ma magana mai daɗi ya zo da ita.

Tsohon ma'aikacin agaji:
Alhaji, mai rijiya ai da hotuna ya zo maka. Hoto shi ne mafi sauƙin ƙirƙira. Abin da ya fi wuyar yi wa ƙarya shi ne lissafi. A ce su turo: an karɓi kaza ranar kaza, an sayi buhu nawa a kan nawa, mai jarka nawa, an dafa kwana nawa, gida nawa suka ci. A ɗauki hoton buhunan da tukwanen ba fuska. Sannan a sami mutum na biyu wanda ba ruwansa da girkin, ko dattijuwa ce a unguwar, ɗan'uwan Direba ya sa a tambaye ta ko an dafa a makon. In farashin da suka faɗa ya saɓa da na kasuwar garin, za a gane. Su ɗakunan da ma suna da takardun neman kuɗi da na rahoto da suke cikewa, sun saba. Wannan zan iya dubawa, aikina ne dā.

Hajiya mai waakye:
A kawo mini lissafin ni ma. Shekara talatin ina auna wake da shinkafa, na san kwano nawa buhu ke fitarwa. In an ƙara ko an rage zan gani.

Ɗalibi a Tek:
Abu ɗaya da ya kamata a sani kafin a yanke nawa da yaushe. Da Amurka ta dakatar da kuɗin agajinta a Janairun 2025, masu kula da ɗakunan sun ce wuraren girki sama da 1,000 sun rufe, kusan kashi 80 cikin 100. Mutanen da suka saba zuwa da kwano suka zo suka tarar da murhu a sanyaye. Don haka in za mu yi, gara kaɗan da ba ya yankewa da babban kuɗi sau ɗaya a azumi sannan shiru. Ko sidi ashirin ashirin ne a wata, su san yana zuwa.

Matashin Sawaba:
Ashirin a wata zan iya. Ku sa ni.

Alhaji mai goro:
Ni ba zan ɓoye muku ba, hankalina bai gama kwanciya ba. Na farkon ba da kuɗina ba. Ku aika, lissafin ya dawo, Hajiya da wannan bawan Allah su duba, sannan ku zo shago ku same ni. Amma na ɗauki alkawari ɗaya: duk wanda ya rage abin da yake bayarwa na buɗa-baki saboda ya ba Sudan, ni zan cike gurbin, don kada 'yan matan Alabar su rasa kunu.

Tsohon ma'aikacin agaji:
Ni kuma ina nan kan bakana, a raba biyu, rabi ga takiyya rabi ga masu kula da yaran da suka riga suka faɗi.

Nas ta Asawase:
Yaya, abin da za mu tara bai kai a raba ba. A babbar ƙungiya ɗigo ne a kogi, a takiyya ɗaya kuwa girkin kwanaki ne. Amma ba ni kaɗai ke da zauren ba.

Mai kula da zaure:
Wannan ba za ta yanku a waya ba. Ranar Juma'a bayan la'asar a zauren Malam, duk mai hali ya zo, mata ma akwai wuri. Mai MoMo ya zo da bayanin kuɗin aike na hanyoyin biyu. Direba, in ba ka dawo ba ka turo abin da ɗan'uwanka ya ce. Ana buƙatar mutum uku masu riƙe lissafi, ɗaya mace. Kada kowa ya tura wa kowa ko kwabo kafin zaman.

Direban Tamale:
Na isa lafiya, na same shi. Ya ce surukar maƙwabcinsa tana cikin masu girki a wata unguwa a Omdurman, wake da shinkafa suke dafawa sau ɗaya a rana, ranar da ba gawayi ba a dafawa. Zai tambaya ko za ta yarda a yi magana da ita, ya ce kada mu matsa in ta ƙi.

Hajiya mai waakye:
Ni na riga na ajiye gwangwanin madara a gefen tebur tun da safe, masu sayen waakye, wato wake da shinkafa, suna tambaya ko na mene ne. Ba zan taɓa abin da ke ciki ba sai Juma'a. Ɗalibi, ka biyo gobe kafin ka tafi makaranta ka rubuta mini takarda da Hausa da Turanci da Asante in manna a jiki, maƙwabtana masu sayar da kifi ma sun ce za su sa.